Yadda Ake Farfasa Babbar Lamba: Mu Gwada da 720720

Yawancin 'yan SS3 da nake koya wa lissafi da yamma a unguwar Pantami, nan Gombe, sun iya rabawa. Inda suke faɗuwa shi ne sanin lokacin tsayawa idan ana farfasa lamba zuwa ƙananan lambobin da ba sa ƙara rabuwa. Za mu yi aiki da 720720, wadda ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 16 ke raba ta ba saura.

Ka fara da 2, kuma kada ka bar ta sai ta ƙare. 720720 ta koma 360360, sai 180180, sai 90090, sai 45045. Sau huɗu ke nan, ka rubuta a gefe. Ni ban yarda ɗalibi ya yi tsalle zuwa 10 don ya ga sifili a ƙarshe ba, nan ake ɓatar da 2 guda ɗaya. Yanzu haɗa alƙaluman 45045: 4+5+0+4+5 ya ba da 18, wadda 9 ke rabawa, don haka 9 za ta shiga 45045, wato 3 sau biyu, a samu 5005. Raba da 5, saura 1001.

To a nan ake zubewa. Yaro zai ga 1001 mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, jimillar alƙalumanta 2 ce, sai ya ja layi ya ce firam ce, wato ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Wanda ya ɗan fi haƙuri zai gwada 7 ya samu 143, shi ma ya ajiye biro a nan. Duka biyun sun rasa makin. Kamannin lamba ba hujja ba ne: 91 ma haka take ruɗin mutane, alhali 7 sau 13 ce.

Ƙa'idar ita ce ka nemi lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta wuce abin da ke hannunka, sannan ka gwada duk firam ɗin da ke ƙasa da ita. Ga 143, 12 sau 12 ya ba da 144, ya wuce. Ke nan gwajinka bai wuce 2, 3, 5, 7 da 11 ba. Dalili kuwa, duk lambar da ke rabuwa gida biyu, dole ɗayan ya kasance ƙarami bai kai wannan iyakar ba. Ita 11 tana da gwajinta mai sauƙi: 1 a cire 4 a ƙara 3, ya ba da sifili, to ta shiga. 143 ita ce 11 sau 13. Sai yanzu ka gama.

Wasu kalkuletocin Casio suna da maɓallin FACT da ke yin wannan cikin ƙiftawar ido, amma na asali ya yi tsada, jabu kuma ya cika kasuwa, sannan JAMB ba ta bari ka shiga da naka. Ka koya da hannu.

Abin da muka samu: 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13. Don sanin lambobi nawa ke raba ta, ƙara 1 a kan adadin fitowar kowace firam ka ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, ya ba da 240. Waɗanda suka fito sau ɗaya ma sai an ƙara musu, kada ka manta. Jimillar waɗannan 240 ɗin kuma, haɗa lambobin da ke raba kowane kashi: na 2⁴, 1+2+4+8+16 shi ne 31, na 3², 1+3+9 shi ne 13, sauran 1+5, 1+7, 1+11 da 1+13, wato 6, 8, 12 da 14. Ninka su duka ka samu 3249792. Kafin ka miƙa takarda, sake ninka firam ɗinka ka ga ko sun mayar da kai 720720.