Idan mai sayen gidanka zai zuba 'yan haya ne

'Yan uwa, mai sayen gida don haya ba ruwansa da kyan fenti ko bishiyar mangwaron da ka shuka a tsakar gida. Lissafi ya kawo shi: ɗaki nawa, banɗaki nawa, mitar wuta ɗaya ce ko kowa da tasa, akwai rijiyar burtsatse, nawa ake biya a shekara a layin. Tanadi amsoshin nan kafin ya zo.

Na sayar da nawa bara, kuma buƙatun masu saye ne suka fi gajiyar da ni. Wani ya ce in fitar da 'yan hayata tukuna, mutanen da muka yi shekara shida lafiya. Na ƙi. Kada ka tashi kowa, kada ka fasa bango don a raba falo, sai kuɗi sun shiga hannu. In ya ce zai biya kashi-kashi, a rubuta ranaku gaban lauya da shaidu, asalin takardar mallaka kuma ta zauna wurinka. Kwafi ya ishe shi bincike a ma'aikatar filaye.

Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka, don haka ku yanke wanda zai biya kuɗin wannan tun farko. La'adar dillali ma haka.