Kalmar buah a yaren Malay: inda masu koyo suke tuntuɓe

Duk ɗan uwan da ya je karatu Malesiya ko Indonesiya, cikin kalmomin farko da zai tsinta akwai buah, wato ɗan itace, kuma wallahi daga nan matsalar take farawa domin sai mutum ya riƙe ma'ana ɗaya tak ya yi ta fassara komai da ita.

Ka ji an ce sebuah rumah, wato gida ɗaya, sai ka ce me ya haɗa gida da 'ya'yan itace? Babu. A nan buah kalmar ƙirga ce, kamar yadda muke cewa gida guda. Da ita ake ƙirga gida, mota, littafi, har ƙasa. Amma kar ka ɗora ta kan mutum ko dabba, mutum orang ne, dabba kuma ekor, wato wutsiya, shi ya sa kaza biyu take zama dua ekor ayam. Abin da ya fi burge ni shi ne a Malesiya ɗan itacen kansa da biji aka fi ƙirga shi, ƙwaya kenan, daidai da namu lemo ƙwaya uku.

Sai kuma fassara kalma da kalma. Buah tangan, tangan hannu ne, amma nufinsa tsaraba. Buah hati abin ƙaunarka ne, ɗanka ko masoyiyarka, kuma hati ɗin asalinta hanta ce, su a can suke ajiye so. Buah mulut, mulut baki ne, shi ne wanda ya zama abin magana a gari. Buah pinggang ƙoda ce a Malesiya, a Indonesiya sun fi cewa ginjal, to wannan ka riƙe shi da kyau saboda ranar zuwa asibiti. Irin waɗannan a dunƙule ake haddace su.

Wasu kuma da sun ga Larabci ya yi yawa a yaren sai su zata buah ma aro ce. A'a, tsohuwar kalmarsu ce ta gado, masana sun maido da asalinta zuwa buaq, shi ya sa ake samun irinta a yarukan da suke dangin Malay, a Madagaska ake cewa voa, a Samoa fua, a Hawai hua.

Furuci ma a kula, h ɗin ƙarshe ana fitar da ita, buwah. In ka datse ta da t ta koma buat, wato yi ko ƙera.