Idan ka sayi tsohuwar Bobcat ta hannu (karamar motar lodi mai bokiti a gaba), ga inda ake fara dubawa

Kafin ka biya kudi ka ce a tada maka ita da sanyin safiya, injin da aka riga aka dumama yana boye ciwo. Irin su 753 da 763 injin Kubota ne a ciki, yana da juriya amma baya son datti a man dizal, to ka rika zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta.

Babban ciwon kan shi ne haidirolik, wato tsarin man da ke daga hannu da bokiti. Leka karkashin motar ka ga ko mai na diga, shafa tiyo-tiyon nan musamman inda suke gogar karfe, in ka daga bokiti ya rika saukowa da kansa to watakila sil din silinda, wato robar da ke tare mai a ciki, ya mutu. Kada dai ka lalubi yoyo da hannu injin na aiki, man yana huda fata wallahi, sa kwali ka gano inda yake yoyon.

Lokacin hunturu kura ke toshe lagireto da kula mai sanyaya mai, sai ka ga motar tana zafi tana rage karfi, a hure su da iska kullum, filtar iska ma haka. Giris a fil-fil na hannun dagawa duk safiya, in ba haka ba bushin da fil ke juyawa a ciki ya cinye, bokiti ya fara kwaramniya.

Akwai sarka a cikin akwati da ke juya tayoyi, mutane na mantawa da man wajen, duba ko ruwa ya shiga. Kuma kar wanda ya shiga karkashin hannun nan sai an tokare shi da karfen tokara.