Yadda za ka gane inda ƙasa ke shirin lalacewa a yankin gulbinku da taswirar kwamfuta

Duk wanda ke bin hanyar Wurno ko Goronyo da damina ya san yadda kwazazzabo ke cin gona, bana ka tsallake shi da ƙafa, baɗi ko jaki bai iya wucewa. Abin da ke damuna sai ya gama ci sannan mu fara neman buhunan yashi, alhali ana iya hango wurin tun bai tsage ba. Laftof ɗinka da data sun isa, manhajar zana taswira ta QGIS kuma kyauta ce.

Fara da shata iyakar magudanar, wato duk filin da ruwan samansa ke gangarowa zuwa rafi guda. Kar ka ce za ka ɗauki gulbin Rima gaba ɗaya, ya yi maka girma, ɗauki rafi ɗaya da ke zuba cikinsa. Ka sauko da bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda anka auna daga sararin samaniya, mai mita 30 (wato kowane ɗigo na taswirar filin mita 30 ne), ka sa QGIS ta cike ramukan ƙarya da kuskuren awo ke sawa cikin bayanan, ta fidda inda ruwa ke bi da inda yake taruwa, ka dangwala inda rafin ke zuba cikin gulbi, ita za ta zana maka iyakar. Ka kula da zon, wato shiyyar awon taswira ta tsarin UTM da za ka zaɓa a QGIS, garin Sakkwato da Goronyo suna UTM 31N amma in ka nausa gabas wajen Isa da Sabon Birni ka shiga 32N.

Daga nan sai ka tara shimfiɗu, wato taswirori da za a ɗora kan juna, kowace da bayani iri guda. Gangara daga SRTM ɗin za ta fito. Ruwan sama ka ɗauko na rumbun bayanai na CHIRPS, ya faro tun 1981. Irin ƙasa akwai taswirar SoilGrids mai mita 250, bai da kaifi sosai amma zai raba maka jigawa da laka. Sai hoton tauraron ɗan Adam, Sentinel-2 mai mita 10 in na yanzu kake so, Landsat in kana son ganin yadda wurin yake shekara talatin baya.

To nan ne mutane ke yin kuskure, don Allah a kula. Sai a ɗauko hoton Satumba a lissafa NDVI, ma'aunin koren tsiro, a ga ko'ina shar a ce lafiya lau. Ai a Satumba ko fako ya ɗan yi ciyawa. Mu nan ɓarnar tana faruwa ne farkon damina lokacin da an kwashe kara, dabbobi sun cinye abin da ya rage, iskar bazara ta share saman ƙasa, sai ruwan farko ya faɗo da ƙarfi kan ƙasa tsirara ya tafi da ita. Don haka ɗauko hoto biyu, na Afrilu ko Mayu da na Satumba. Inda ya kasance tsirara a duka biyun, ka sa mai ido sosai.

Kowace shimfiɗa ka raba ta maki 1 zuwa 5, 5 shi ne mafi haɗari, sai ka ba kowacce nauyinta, wato kasonta gwargwadon muhimmancinta, ka haɗa su. Ni dai ban yarda a kwafo nauyin da anka yi amfani da shi a Anambra ko Jos ba, can gangara ce babba, mu ƙasarmu mafi yawanta shimfiɗaɗɗiya ce, in ka ba gangara kaso mafi tsoka taswirar za ta ce maka kusan ko'ina lafiya alhali gonaki na komawa rairayi. Ka ba rashin tsiro da irin ƙasa nauyi mafi yawa, sannan gangara da kusanci da rafi, ruwan sama ya zo ƙarshe don a ƙaramin yanki bambancinsa kaɗan ne. Amma gefen tuddan marmara da ke kallon fadama ka duba su daban, nan kwazazzabai ke farawa.

Abin da zai fito taswira ce mai launi, ja inda ya fi haɗari, kore inda da sauƙi. Kar ka kai ta ofis tukuna. Zaɓi wurare kamar ashirin, ja da kore duka, sa su a wayarka, hau mashin ka je. Fara gaida mai gari, ka nemi dattijon da ya daɗe yana noma wurin ka ce Baba, wannan gonar damin gero nawa take badawa da, yanzu nawa? Ina gawon da ke nan? Duba ko saiwar itace ta fito waje, ko tsakuwa ta hau sama. In taswira ta ce ja Baba ya ce nan ne mafi albarka, koma ka gyara nauyinka.

Wanda ya tabbata ja kuma yana sama da fadama shi za a fara da shi, jera duwatsu a gicciye, ramukan rabin wata, dasa gamba a bakin kwazazzabo, a bar sabara da kalgo su tofo. Ajiye fayil ɗin, Mayu mai zuwa ka sauko da sabon hoto ka ɗora kan na bana.