Zaɓen alƙalamin feshi da kwamfuresa don fentin ƙananan motoci da jirage a Kumasi

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramin jirgin roba na Airfix ko tankar yaƙi ta Tamiya, ya shafa mata fenti da buroshi, ya san inda matsalar take: sawun gashin buroshi ya fito a jikin fiffike, fenti kuma ya cike ƙananan layukan da aka zana a jikin robar. Maganin wannan shi ne alƙalamin feshi, ƙaramar bindigar feshin nan da masu kanti ke kira eyaburash. Sai dai yawancin masu fara harkar suna zuba kuɗinsu a alƙalami, su sayi kowace irin kwamfuresa, wato injin da ke matsa iska yana tura wa alƙalamin, da canjin da ya rage. A gari mai laima irin Kumasi, kamata ya yi a juya lissafin. Kwamfuresa ce farko.

Wadda ta dace da aikin gida ita ce ƙarama mai fistin, marar mai, mai tanki. Akwai samfurin China mai lamba AS-186 da ake sayarwa da sunaye daban-daban, Fengda na cikinsu. Tankinta lita 3 ne, tana kashe kanta idan iska ta kai ba 4 (ba, wato "bar", ma'aunin ƙarfin iska ne), ta sake tashi idan ta sauko ba 3. Ba 1 daidai yake da psi 14.5, wani ma'aunin ƙarfin iska, kuma gejin yakan nuna duka biyun. Ƙanwarta AS-18 ba ta da tanki, ta fi araha, amma da zarar ka danna kunamar alƙalamin sai injin ya tashi. Iskar tana zuwa da ɗan bugu-bugu daidai da motsin fistin, injin yana saurin zafi, kuma a gidan haya a Aboabo ko Asawase, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, za a fara yi maka magana idan kana aikin dare. Tanki yana daidaita iskar, yana ba injin hutu. Idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ta same ka da fenti a kofi, iskar da ta rage ba za ta wuce kamar minti ɗaya ba, amma ta isa ka wanke alƙalami kafin fentin ya daskare a ciki.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce babbar fitina a nan. Iska idan aka matse ta takan yi zafi, idan ta huce a tanki ko a tiyo sai laimar da ke cikinta ta koma ruwa. A lokacin damina wannan ruwan yana da yawa. Kana tsakiyar fesa bonet ɗin mota sai ka ji fit, ɗigo ya fito ya watsa fentin da ka shimfiɗa. Don haka kada ka karɓi kwamfuresar da ba ta da regileta mai geji haɗe da matatar ruwa, wato ɗan kofin nan mai garai-garai da ke ƙarƙashin gejin. A ƙasansa akwai ɗan tsinke, ka danna shi lokaci zuwa lokaci ruwan ya fita. Ƙara wata ƙaramar matata a gindin alƙalamin, domin ruwan da ya taru a cikin tiyo ya riga ya wuce ta farkon. Ƙarƙashin tanki kuma akwai noti. Bayan aiki ka kashe injin, ka saki iskar, ka kwance notin, ka karkata tankin. Idan ruwan da ya fito ja ne, tsatsa ta fara cin tankin daga ciki.

Duba farantin da ke jikin injin kafin ka sa a soket. Wutar Ghana volt 230 ce. Idan ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Amurka, tasu volt 120 ce, kuma ba tare da tiransifoma mai sauke wuta ba injin zai ƙone nan take. Ta Ingila ko Jamus ba ta da wannan matsalar, sai dai a canza kan filogi ga ta Jamus.

Babbar kwamfuresa irin ta masu fentin mota a Suame Magazine tana iya aiki, muddin an sa mata regileta da matata, domin tana kai ba 8 kuma da yawansu suna jefo mai a cikin iskar. Mai da fentin ruwa ba sa ga maciji, sai ka ga fentin yana buɗe ƙananan idanu. Masu haɗa ta hannu da injin firiji suna samun shiru sosai, amma shi ma yana fitar da mai, kuma tankin da ba shi da bawul ɗin kariya da makashin atomatik bam ne a ɗaki. 'Yar ƙaramar mai batir da masu aski ke fesa baƙi da ita kuwa, ba ta da geji ko matata, ƙarfinta kuma yana raguwa da batirin. A bar wa masu aski.

Sai alƙalami. Abu uku za ka duba. Na farko kunama: ka ɗauki mai aiki biyu, wanda idan ka danna ƙasa iska ta fito, idan ka ja baya fenti ya fito gwargwadon jan. Na biyu mazaunin fenti: mai kofi a sama ya fi mai kwalba a ƙasa, domin fentin da kansa yake gangarowa, ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, kuma da ɗigo biyar za ka iya aiki. Ga wanda fentinsa daga waje ake kawowa a 'yar kwalbar mililita 17, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na uku girman allura, wato siririn ƙarfen da ke cikin alƙalamin, wanda ke buɗe ko toshe ɗan bakin da fenti ke fita. Milimita 0.3 zuwa 0.35 ita ce tsaka-tsaki. Sabon shiga yakan ƙyalla ido a kan 0.2 saboda siririn layi, alhali ita ta fi saurin toshewa da lanƙwasa. Ita 0.5 ta fi dacewa da fentin share fage da manyan wurare, kamar samfurin gidaje irin na ɗaliban zanen gine-gine a jami'ar KNUST.

Cikin sanannun kamfanoni akwai Iwata ta Japan, mai Eclipse HP-CS 0.35, da Harder & Steenbeck ta Jamus, wadda ake cire bakinta da hannu ba sai da sifana ba, da Badger ta Amurka, mai Patriot 105 da allurar 0.5. Lura da cewa tiredin tiyon Badger daban ne, sai da adafta zai shiga tiyo mai tiredin inci 1/8 da sauran ke amfani da shi. Na China masu araha suna fesawa lafiya, don koyo sun isa. Rauninsu biyu ne: ɗan bakin da ake ɗaurewa da sifana yana saurin karyewa a tiredi, kuma robar da ke tare allura takan kumbura idan tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, ta taɓa ta, saɓanin masu tsada da ke da Teflon, irin robar da tina ba ta ci. Ko wanne ka ɗauka, ka haɗa da allura da baki na ajiya a oda ɗaya. Ba abin da za ka shiga kasuwar Kejetia ka tabbata za ka samu ba ne.

Kafin ka biya, ko ranar da kaya suka iso, ka zare allurar ka murza ta tsakanin yatsu a gaban haske. Idan tsinin yana rawa, a lanƙwashe take. Zuba ruwa a kofi ka danna iska kawai, ba tare da ja baya ba. Idan ruwa ya fito, allura ba ta zauna a baki ba. Idan kofin ya yi kumfa, bakin bai ɗauru ba ko ya tsage. Ita kwamfuresa, bar ta ta cika ta mutu, ka zuba wa geji ido. Idan yana sauka alhali ba ka taɓa komai ba, akwai yoyo. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai za ka ga inda yake, farin tef ɗin masu famfo zai toshe shi.

A wajen aiki, fara da psi 18 zuwa 20, kuma ka saita gejin kana danne da kunama, domin yana faɗuwa idan iska ta fara fita. Tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara, kowanne da tinarsa: na Tamiya da X-20A, wajen kashi ɗaya da ɗaya, shi kuwa Vallejo Model Air a tsinke yake zuwa, ɗigo ɗaya ko biyu ya ishe shi. Riƙe alƙalamin kamar santimita 10 daga aikin. Iska ce farko, ita ce ƙarshe: danna, ja baya, mayar gaba, sannan ka saki. Gwada a bayan cokalin roba kafin ka taɓa jirgin.

Idan fentin ya baje kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa ko ka matso kusa. Idan ya sauka garas-garas kamar yashi, ya bushe a iska kafin ya isa, ko dai ka yi nisa ko iskar ta yi ƙarfi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan ya fi yawa, fenti kuma yana bushewa a tsinin allura. Ajiye auduga da ka jiƙa da tina kana goge tsinin, ka kife roba a kan aikin da ka gama saboda ƙura.

Fesa kusa da taga, da takunkumi mai matatar sinadari idan fentin na tina mai ƙarfi ne. Na yadi ba ya tare wannan tururin. Da ka gama, zubar da ragowar fenti, goge kofi, fesa tina har ta fito fes, sannan ka zare allura ka goge ta daga gindi zuwa tsini. Kada ka tsoma alƙalamin gaba ɗaya a cikin tina, robobin bawul ɗin iska za su lalace. Wajen mayar da allurar, tura ta a hankali har ta taɓa baki, ka tsaya a nan ka ɗaure notin baya. Ƙarin turi ko kaɗan shi ke tsaga bakin.