Mai gida ya ƙi gyara: kurakuran da 'yan haya ke ta maimaitawa

Kowace damina labarin ɗaya ne. Ruwan Agusta ya sauka, silin ya kumbura ya yi baƙi, an jera robobi a tsakar ɗaki ana tarar yoyo, ɗan haya kuma yana ta sababi cewa mai gidansa azzalumi ne. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma na gaji da ganin mutane suna ƙara wa kansu asara da hannunsu a kan abubuwan da za a iya kauce musu tun farko.

Kuskuren yana farawa tun ranar kama gida. Ka ga famfo ba ya kawo ruwa, ƙofar banɗaki gara ta cinye, dillali ya ce: "Malam, ka biya kawai, sati mai zuwa za a turo kafinta." Ka ƙirga kuɗin shekara ka miƙa. To, daga wannan lokacin ba ka da sauran abin da za ka riƙe mai gida da shi sai shekara ta zagayo. Ni ba na biya sai an gyara, ko a rage kuɗin gyaran nan take a rubuta a rasit. Kuma in a rani ka je duba gida, ɗaga kai ka dubi silin: tabon ruwa ba ya ɓuya. Ka tambayi maƙwabta yadda lungun yake in an yi ruwa mai ƙarfi.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne gyara da kuɗinka bisa alkawarin baki. Wannan ya ci ni, ci mai zafi. Sokawen gidan da nake haya ta cika, murfinta ya rufta, wari ya hana mu zama a tsakar gida, ga yara suna wasa a bakin ramin. Na yi ta sintiri wurin mai kula da gidan, a ƙarshe ya ce: "Alhaji ya ce ka gyara, a cire a kuɗin baɗi." Na kira masu kwasa, na sayi siminti da rodi da bulo, na biya magini da lebura. Da lokacin sabunta haya ya zo na je da lissafina. Alhaji ya dube ni ya ce: "Wa ya sa ka? Ni ban san da wannan magana ba." Mai kula da gidan yana zaune, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba. Na biya kuɗin haya cif, har da ƙari, wai saboda yanzu gidan ya gyaru.

Abin da ke jefa mu cikin wannan rami kunya ce. Muna ganin rashin ladabi ne ka ce wa dattijo ya rubuta maka. Wace irin kunya ce wannan? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuɗin da ka kashe a gidan wani da niyyar a mayar maka bashi ne. Yanzu ga yadda nake yi: in ɗauki hoton ɓarnar, in sa magini ya rubuta ƙiyasin kaya da kuɗin aiki, in tura wa mai gidan kansa ta WhatsApp da lafazi mai daɗi. "Ranka ya daɗe, ga abin da ya lalace, ga abin da zai ci. In ka amince in yi a cire a kuɗin haya, ka amsa mini a nan." Sai na ga amsarsa, ko da saƙon murya ne, sannan a taɓa buhun siminti. Maganar dillali ko mai kula da gida ba ta isa ba, ba su ne za su yafe kuɗin ba. Kowane rasit kuma yana cikin jaka. Masu zama a Legas su sani, dokar haya ta jihar ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kai, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka, amma ita ma ta ce sai da rubutaccen izininsa ɗan haya zai nemi diyyar aikin da ya yi.

Na biyu a muni shi ne fushi ya sa ka ƙi biyan haya. "Ba zan biya ba sai ya gyara rufi." Ina jin wannan kullum, kuma ina fahimtar zafin. Sai dai ranar da aka tsaya gaban alƙali, tambayar farko ita ce: ana bin ka kuɗi? Da ka ce e, kai da aka zalunta ka koma mai laifi, maganar yoyo ta koma gefe. Ka miƙa masa sandar da zai doke ka da ita. Biya, karɓi rasit, sannan ka bi haƙƙinka kana da tsabta. In kuɗin da za ka cire ne bisa izininsa, a rubuta a rasit ɗin cewa an cire kaza saboda gyara kaza.

Wasu kuma da an daka musu tsawa sai su fara ɗaure kaya. Mai gida ba shi da ikon kwaye maka kwano, ko cire ƙofa, ko watso kayanka waje don ka nemi gyara. In babu wani wa'adi dabam a takardar yarjejeniya, abin da aka saba a dokokin Najeriya shi ne mai hayar shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai hayar wata notis ɗin wata 1, bayan nan a ba da na kwana 7, sannan a tafi kotu. Kotu ce ke fitar da mutum. Don haka karanta takardar da ka sa wa hannu, ka ajiye kwafinka.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka jira damina ta kankama kafin ka kai ƙorafin rufi, a bazara ake wannan. Kada ka ruga ofishin 'yan sanda, rikicin haya ba aikinsu ba ne sai in an kai ga duka ko ɓarna. Ka fara da mai unguwa ko wani dattijo da mai gidan ke jin nauyinsa, a Kano kuma Hisba na yin sulhu a irin wannan. Kada ka zage shi a Facebook. A gidan da kuke da yawa, ku je tare da takarda ɗaya mai hannun kowa. Kuma kada ka ɗora masa ƙwan lantarki da kan famfo da yaranka suka karya, wannan naka ne.

Abu ɗaya ne ba na jayayya a kansa: bangon da ya tsage tsagar da yatsa ke shiga, ko katangar ƙasa da ta sha ruwa ta fara jirkicewa, ko wayar wuta da ke tartsatsi a cikin silin mai jiƙa. Ka kashe wutar daga mita, ka kwashe iyali zuwa gidan 'yan'uwa a daren, ka ɗauki hotuna, sauran kuɗin hayarka ka neme shi daga baya ta hannun mai unguwa ko kotu.