Yadda Ake Haɗa Aikatau da Sifa da Suna a Turanci

Wata ɗaliba da nake yi wa darasin yamma saboda jarrabawar WAEC ta kawo mini insha'in da ta rubuta a kan damina. Rubutun hannunta tsaf, babu harafin da ya kauce. A layi na uku na ga wannan: *We had a strong rain and I did a big mistake.* Kowace kalma a ciki Turanci ce, amma Bature ba zai faɗe ta haka ba. Shi cewa zai yi *We had heavy rain and I made a big mistake.* Yarinyar ba sakaci ta yi ba. Da Hausa ta yi tunani, "ruwa mai ƙarfi", "na yi babban kuskure", sannan ta riƙa ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana juya su.

Mu ma haka harshenmu yake. Ana cin kasuwa, ana shan iska, amma babu mai shan kasuwa ko cin iska. Ba wata doka ce ta hana ba, bakin mutane ne ya saba. Masanin harshe na Ingila, J.R. Firth, ya faɗa a 1957 cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta. A 1966 kuma ɗalibinsa Michael Halliday ya kawo misalin da malamai ke ta maimaitawa har yau: ana cewa *strong tea*, ba a cewa *powerful tea*, alhali kalmomin biyu duk ƙarfi suke nufi. Don haka abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su riƙe aikatau da sifa da suna a matsayin ƙunshi guda.

Mataki na farko: fara da sunan

Kafin ka nemi sifa, tsaya a kan abin da kake magana a kai, domin shi ke zaɓar abokinsa. Ruwan sama da cunkoson motoci suna tafiya da *heavy*: *heavy rain, heavy traffic*. Iska da shayi kuwa *strong* suke so. Barcin da muke cewa mai nauyi, a wurinsu mai zurfi ne, *deep sleep*. Farashi kuma hawa yake yi, *a high price*. Kayan ne ke zama *expensive*, ba farashin ba.

Kalmar "dogo" tana yawan yaudarar Bahaushe. Mu da ita muke sifanta mutum da hanya da labari. Turanci ya raba su: mutum da bishiya *tall*, hanya da labari *long*.

Mataki na biyu: nemo aikatau ɗin da ke ɗaukar sunan

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. "Yi" ɗinmu guda ɗaya ya rarrabu gida-gida a Turanci. Kuskure da shawarar da aka yanke da ƙoƙari duk na *make* ne: *make a serious mistake, make a quick decision, make a real effort*. Aiki da ɓarna na *do* ne: *do a good job, do serious damage*. *Take* na riƙe da numfashi da hutu da dubawa: *take a deep breath, take a short break, take a close look*. Idan mutum ya ji daɗin zama a wuri, *have a good time* ne. Wanda ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne *pay*, don sun san shi a wajen biyan kuɗi kawai, sai ga *pay close attention* da *pay a short visit*, wato mai da hankali sosai da kai gajeriyar ziyara.

Kada ka wahalar da kanka wajen neman dalilin kowanne. Wasu suna da ɗan bayani, da yawa ba su da shi. Na ga yara masu kaifin basira sun ɓata lokaci suna tambayar abin da ya sa ake "biyan" hankali, alhali da sun furta jimlar sau goma da ta zauna musu.

Mataki na uku: jera su

Tsarin shi ne aikatau, sai *a* ko *an* ko *the*, sai sifa, sai suna. Sautin farkon sifar ne ke zaɓar *a* ko *an*, ba harafin ba: *an old car, an honest man*, amma *a useful book*. Sunayen da ba a ƙirga su ba sa ɗaukar *a*. Shi ya sa ake cewa *give good advice* da *make good progress*. *A good advice* kuskure ne da ke cin maki a jarrabawa.

Akwai sauƙi guda ɗaya. Mu muna cewa fari, fara, farare. Su *white* ce kawai ko namiji ko mace ko jam'i. Idan sifofi sun taru kuma, ra'ayi ke gaba, sai girma, sai shekaru, sai launi: *She bought a beautiful long blue dress.*

Mataki na huɗu: lura da lokacin da sifa ke komawa baya

Duba waɗannan biyun da kyau. *He painted the white wall.* *He painted the wall white.* Kalmomi iri ɗaya ne, amma a ta farko bangon fari ne tun asali, ya yi masa fenti, ba mu ma san launin ba. A ta biyu fentin ne ya mayar da bangon fari. Idan sifa ta biyo bayan karɓau, wato sunan da aikin ya faɗa a kansa, tana nuna halin da aikin ya bar abin, ko yadda mai magana ya same shi. Wannan bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙo ba, don mu ma muna cewa "bar ƙofar a buɗe".

Aikatau kaɗan ne ke yawan yin haka: *keep the room clean, leave the door open, make me happy, find the exam difficult, get the food ready*. Sifa ake sawa a nan, ba bayanau ba, wato kalmar da ke nuna yadda aka yi aiki. *The news made me happily* ba daidai ba ne, *happy* ce.

Mataki na biyar: buɗe littafin ƙunshi

Sayi littafin rubutu mai rahusa, ka ba kowane suna shafinsa. A saman shafi rubuta *mistake*, a ƙasa duk abin da ka tsinta tare da shi a jarida ko rediyo. Kada ka rubuta kalma ita kaɗai, rubuta jimlar da ka gan ta a ciki, da fassarar ma'anarta gaba ɗaya a gefe. Akwai ƙamus na musamman don wannan aiki da Oxford ta fara fitarwa a 2002, *Oxford Collocations Dictionary*. Idan ka duba suna a ciki zai jero maka sifofi da aikatau da ke tafiya da shi.

Ƙunshi biyar a rana sun isa. Karanta su a bayyane da safe, da yamma kuma ka rufe littafin ka ba da labarin yininka cikin jimla biyar, kowace da ƙunshi ɗaya. Bayan kwana uku ka koma kan na farko, ka rufe ɓangaren Turancin da hannu, ka ga ko Hausar kaɗai za ta tuna maka shi.